Rabin Taga

Hemant ya zo daga Pune ranar Lahadi da kwalin alewa a hannu ɗaya, takarda mai sheƙi a ɗaya hannun. Ya tarar da yayarsa Sulabha durƙushe gaban mahaifinsu tana yanke masa farcen ƙafa. Ya sunkuya ya taɓa ƙafar tsohon don gaisuwa, sannan ya shimfiɗa takardar a kan gado. Hoton wani farin jirgin ruwa ne, ƙato, sai ka ce an kwantar da bene a kan teku.

"Tai, na gama magana," ya ce mata. Tai yake kiranta, wato Yaya a yarensu. "Baba zai cika tamanin da ɗaya, ya ga watanni dubu ke nan a duniya. Ba za mu yi masa taron rumfa da kujerun roba irin na kowa ba. Wannan za mu shiga. Kwana huɗu, daga nan Mumbai zuwa tsibiran Lakshadweep, mu juyo."

"Ka tambaye shi?"

"Ga shi nan ai. Baba, za ka shiga jirgin ruwa?"

Tsohon ya dubi hoton, ya dubi ɗansa, ya ce, "Ƙarfe nawa?"

"Kin ji ko? Har ya ƙosa," in ji Hemant, ya tuntsire da dariya.

Sulabha ba ta taya shi ba. Tambayar da Baba ke yi ke nan sau hamsin a yini. Shekara arba'in da biyu ya yi yana gyaran agogo a wani ɗan shago a unguwarsu ta Girgaon, babu wanda bai san Madhukar mai agogo ba. Shekara shida da suka wuce ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, daga baya kuma tunani ya soma zubewa kaɗan-kaɗan. Mahaifiyarsu ta riga ta rasu. Hemant na da mata da 'ya'ya biyu da aiki a wani gari, Sulabha kuwa ba ta yi aure ba. Babu wanda ya taɓa zama ya ce ita za ta riƙe Baba. An dai wayi gari ta ajiye aikinta na buga takardu a ofishin inshora, ta sayi keken ɗinki tana kalmasa bakin zannuwan sari a gida. Yanzu shekarunta hamsin da huɗu.

"Wane ɗaki ka kama mana?" ta tambaya.

"Ni da Pallavi da yara muna hawa na tara, mai baranda. Ke da Baba hawa na uku, daga ciki. Lafiyayyen ɗaki, ga sanyi, ga banɗaki."

"Taga fa?"

"Haba Tai! Me za ki yi da taga a jirgin da ko'ina kika juya ruwa ne? Kwana kawai za ku yi a ciki. Gari na wayewa ku fito ku sha iska."

Ta ci gaba da yanke wa Baba farce. Ta san ba kwana kawai za ta yi a ciki ba. Bara da aka kwantar da Baba asibiti a wani ɗaki mara taga, kwana biyu kacal ya daina rarrabe dare da rana, ya tsinke robar ƙarin ruwa, ya yi ta kiran matarsa da ta mutu. Hayaniya kuma ta fi wannan muni. In bikin Ganpati ya zo masu ganguna suka cika layi, sai ta toshe masa kunne da auduga ta zauna riƙe da hannunsa har su wuce. Hemant bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Shi ranar Lahadi yake zuwa, bayan an yi wa Baba wanka an taje masa kai.

A hawan ƙasa na gidansu akwai Kawu Kaitan, mutumin Goa, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana girki a jiragen ruwa kafin ciwon gwiwa ya sauke shi. Washegari Sulabha ta kai masa takardar da ke nuna tsarin ɗakunan jirgin hawa-hawa. Ya ture farantin soyayyen kifinsa gefe, ya maƙala tabarau.

"Wane mara imanin ne ya zaɓa muku wannan? Nan ai bisa kan injin ne. Haƙoranku za su yi ta kaɗawa har ku dawo."

"Ƙanena ne, Kawu."

"To Allah ya shirye shi. Miƙo alƙalamin can."

Ya shiga soke ɗakuna. Na goshin jirgi ya soke su duka, ya ce can ne jirgi ya fi tsalle, kuma in aka saki sarƙar tsayawa da sassafe sai ka rantse an juye maka motar ƙarafa a ka. Na baya ya soke, saboda injin. Na kusa da lif ya soke, ya ce nan mashaya ke tsayawa suna sallama da juna awa guda. Da ya zo kan waɗanda ke ƙarƙashin madafa sai ya yi murmushi.

"Waɗannan kam ni ne shaida. Tun ƙarfe huɗu muke jan tukwane a kan mutane. Allah dai ya yafe mana." Ya ɗora yatsa a tsakiyar takardar. "Nan za ki nema. Ɗaki a samanki, ɗaki a ƙasanki, ɗaki dama da hagu."

"Irin waɗannan ai su ne masu tsada."

"Ki bari in ƙarasa mana, sarkin gaggawa." Ya zagaye wani jeri a hawa na shida. "Kin ga waɗannan? Akwai ƙananan jiragen ceto rataye a gaban tagoginsu. Masu kuɗi ba sa so, wai an tare musu teku, shi ya sa ake karya farashinsu. Ki tambayi wanda ya faɗo tsakanin jirage biyu. In babu, ki karɓi wanda ba a rufe duka ba. Haske dai zai shigo, tsoho zai san rana ta fito."

Shi ne ya hau ya zauna da Baba na awa ɗaya, ita kuma ta tafi ofishin masu sayar da tikiti kusa da tashar Charni Road. Wata dattijuwa ce a wurin mai gajeren farin gashi, Madam Dilnaz. Ta duba, ta ce na tsakanin jiragen an kama shi tun watan jiya. Saura biyu a kuɗin da Sulabha za ta iya. Ta juyo mata da fuskar kwamfuta.

"Wannan a hawa na huɗu yake, can baya. Cikakkiyar taga, babu abin da ya tare ta, amma injin na ƙarƙashinsa. Wannan kuma ɗaki mai lamba 6114, hawa na shida, tsakiya, shiru kamar ɗakin karatu. Sai dai zan faɗa miki gaskiya don kada ki dawo ki zage ni. Kashi biyu cikin uku na tagar jirgin ceto ne, mai launin ruwan lemo. Ta ƙasa akwai kamar taƙi ɗaya, nan ne za ki ga ruwa."

Sulabha ta daɗe tana kallon hoton na farko. Teku ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Rabon da ta ga abin da ya fi bangon maƙwabta nisa har ta manta. Ta ji a ranta cewa wannan take so, ita da kanta, ba don kowa ba, kuma ta yi mamakin yadda son ya zo mata da ƙarfi haka.

"Ƙarar injin ɗin, sosai ce?"

"Ni dai ba zan sa mahaifina a ciki ba," in ji Madam Dilnaz.

"Ba ni 6114."

Cikon rupi dubu tara daga kuɗin ɗinkinta ta biya. Sai da aka gama komai ta gaya wa Hemant, ya ce ita dai Tai ba ta rabo da rigima.

Ranar tafiya da azahar suka shiga. Wani dogon lungu ne mai shimfiɗar kafet, ƙofofi iri ɗaya dama da hagu, da ƙyar keken Baba ke wucewa. Ɗakin gado biyu ne ƙanana, da ɗan tebur a tsakani, da banɗakin da in ka shiga sai ka yi dabara kafin ka juya. Tagar na nan kamar yadda aka faɗa. Cikin jirgin ceton ya cika samanta, har ana iya ƙirga kusoshinsa, hasken da ke shigowa ma ya rine ya koma ruwan lemo. A ƙasa ga ɗan siririn wuri, ana hango ruwan tasha mai launin ƙasa.

Sulabha ta shafa gefen tagar tana neman mariƙi. Ta duba sama, ta duba ƙasa. Pallavi, matar Hemant, da ta rako su da jaka, ta yi 'yar dariya.

"Tai, tagar jirgi ba ta buɗuwa."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. A liƙe take."

Wannan ne Kawu Kaitan bai faɗa mata ba, wataƙila don bai zaci akwai wanda bai sani ba. Ta janye hannunta, ta shiga jera magungunan Baba a kan tebur.

Ba su yi awa ɗaya da shiga ba aka busa ƙahon gwaji, wanda ake tara fasinjoji da shi a nuna musu yadda za su tsira in wani abu ya faru. Ƙarar daga silin ɗin ɗakin ta fito, gajeru bakwai da doguwa ɗaya. Baba ya zabura, ya kai hannunsa mai lafiya ya share duk abin da ke kan tebur, ya yi ta ihu wai gobara ce a shago, a fitar da agogunan mutane. Sai da ta rungume kansa a ƙirjinta tana kiran sunayen titunan unguwarsu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ta saba, kafin ya lafa. Lokacin da jirgi ya tashi, mutane na can sama suna ɗaga wa gari hannu, ita tana rarrafe a ƙasa tana tsintar ƙwayoyin magani. Ta wannan ɗan siririn wurin ta ga ruwa ya soma gudu, ta gane sun bar Mumbai.

An yi bikin washegari da rana, a babban ɗakin cin abinci. Ta sa wa Baba farar riga da hula, ta shafa masa turare. Da farko abin ya yi kyau. Jikoki suka taɓa ƙafarsa, Pallavi ta zagaya fuskarsa da 'yar fitila a faranti, aka kawo masa puran poli, wata waina mai zaƙi, da man shanu, ya ci rabi yana lumshe ido. Sai ga abin da Hemant ya shirya a ɓoye don ya burge kowa: masu hidima goma sha biyu sun fito jere suna buga cokula a kan tire, mai ganga a gaba, mai hoto na walƙa fitila, sauran fasinjoji kuma suka miƙe suna tafi.

Baba ya soma waige-waige. Ya kira, "Shalini!" Sunan mahaifiyarsu ke nan. Ya sake kira da ƙarfi, ya yunƙura zai tashi, faranti ya faɗi ya tarwatse. Sulabha ta ga wandonsa ya jiƙe tun kafin kowa ya gani. Ta yaye gyalenta ta rufa masa a cinya, ta juya keken.

"Tai, ko hoto ɗaya mu yi mana," in ji Hemant, ya biyo ta.

"Matsa min."

"Minti ɗaya fa. An riga an biya mai hoton."

Ba ta ko dube shi ba. Ta tura keken ta tsakanin tebura, mutane na janye kujeru suna kawar da kai.

Daga nan ba su sake fita ba. Baba ya ƙi yarda ko ƙofa a buɗe, da ya ga lungun sai ya riƙe ƙarfen gado. Ita kuma ba ta da halin barinsa, don da ta ba da baya zai yi ƙoƙarin miƙewa, ya manta ƙafa ɗaya ba ta ɗaukarsa. Abinci a tire ake kawo musu, shinkafa da romon waken dal, ta ba shi a baki, ta ci sauran a tsaye.

Ɗakin kuwa ya cika alkawari. Babu ƙarar injin, babu jan tukwane, babu kiɗa. Abin da ake ji kawai hucin iskar sanyi daga silin da numfashin Baba. Da safe haske ya shigo, ya san gari ya waye, ya nemi shayi. Da yamma hasken ya dushe, ya san lokacin kwanciya ya yi. Ta yi zaɓi daidai, kuma babu wanda za ta gaya wa. Taku shida ne daga ƙofa zuwa taga, ta auna ba sau ɗaya ba. In Baba ya yi barcin rana sai ta zauna a ƙasa ta jingina da gado, don daga nan ne kawai idonta ke daidai da inda ruwa yake. Ba sama, ba gaɓa, ba tsuntsu. Ruwa ne kawai ke wucewa, shuɗi mai duhu, da ɗan kumfa jefi-jefi. A gida aƙalla akwai mai kayan miya da ke kira daga titi, akwai Kawu Kaitan da ke faɗa da rediyonsa. A nan har ta fara jin ƙarar haɗiyar yawunta.

Hemant kan leƙo da wata hular kaba da ya saya a jirgin, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya mutumin? Tai, kin ga wurin wanka a sama kuwa? Ki ɗan fito mana, kin kulle kanki kamar mai takaba."

"Shigo ka zauna da shi in fita."

"Yanzu kuwa yara ke jirana, za a fara wasa. Anjima zan dawo."

A rana ta uku da hantsi ta ji jirgin ya tsaya. Aka yi sanarwa cewa an iso tsibiri, amma ruwan bakin gaɓa bai da zurfi, da ƙananan jirage za a yi ta kwasar mutane. Ba ta kawo komai a ranta ba, tana goge wa Baba baki. Sai ta ji wani gurnani daga waje, ta ga takalman ma'aikata ta saman tagar. Jirgin ceton nan ya motsa. Ya matsa baya a hankali, ya yi lilo, sannan ya soma sauka da igiyoyin ƙarfe, ya wuce ta gaban idonta, ya ɓace ƙasa.

Haske ya faɗo ɗakin gaba ɗaya, fari tas, har sai da ta kare ido da hannu. Ga sama. Ga tsibiri can, siriri, farin yashi da itatuwan kwakwa a jere. Ruwan da ke kewaye da shi wani irin kore-shuɗi ne da ba ta taɓa ganin irinsa ba ko a zanen sari.

"Sulu," in ji Baba.

Ta juyo da sauri. Ya fi wata uku bai kira ta da sunanta ba.

"Juya ni in gani."

Ta ɗaga shi ta zaunar a keke, ta tura shi gaban tagar, ta tsaya a bayansa. Suka ga jirgin nasu ya fito daga ƙarƙashi cike da mutane sanye da rigunan ruwa, ya nufi tsibirin yana barin farin layi a baya. Har ta hango hular kabar Hemant.

"Wa ya zuba wa ruwan nan shuɗi haka?" Baba ya tambaya.

"Haka Allah ya yi shi, Baba."

"Mutane na tafiya. Ke ba za ki je ba?"

"In na tafi wa zai zauna da kai?"

"Uwarki mana. Tana kicin."

Sulabha ta dafa kafaɗarsa. Suna nan a haka har jirgin ya je ya dawo sau uku.

Wajen sha ɗaya aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta zaci mai kawo shayi ne, sai ta ga Pallavi, da silifas da littafi a hannu.

"Ba ki tafi ba?"

"Na ce musu jiri nake ji." Ta shigo ta zauna a bakin gado. "Je ki sha iska, Tai. Jirgin ƙarshe ya riga ya tafi, ba za ki samu tsibirin ba, amma sama babu kowa. Ki yi awa biyu."

"Ba ki san yadda ake..."

"In ya motsa zan riƙe shi. In abin ya fi ƙarfina zan sa a kira ki. Je ki, don Allah, kafin in canza ra'ayi."

Shekara goma sha tara da auren Pallavi, ba su taɓa faɗa ba, ba su kuma taɓa hirar da ta wuce ta girki da makarantar yara ba. Sulabha ta dube ta, ta dubi Baba da ke kallon ruwa, ta ɗauki gyale ta fita.

Ta ɓata sau biyu kafin ta sami hanyar sama. Da ta tura ƙofar ƙarshe iska ta buge ta, mai ɗumi, mai ƙanshin gishiri. Kujerun kwanciya ne jere fiye da ɗari, babu kowa sai wasu tsofaffi biyu suna karta. Ta zauna a bakin wata kujera, ba ta kwanta ba. Wani mai hidima ya tambaye ta abin da za ta sha, ta ce ruwa. Ta tashi ta je bakin ƙarfe ta tsaya. Ga duk abin da ta so gani a ofishin Madam Dilnaz, har ya fi haka. Ta ce wa kanta, to ga shi, ki kalla.

Sai ta tuna ba ta gaya wa Pallavi cewa ba a ba shi ruwa yana kwance ba. Ta duba agogo, minti goma sha biyu. Ta koma ta zauna. Ta tuna birkin keken na hagu ba ya kamawa sosai. Ta matse hannuwanta a cinya, ta ce ba inda za ta. Can wani ya yar da tire a bayanta, ƙarar ta tashi, kafin ta san abin da take yi har ta kai matakala. Ko lif ba ta jira ba.

Minti ashirin da biyar ta yi a waje. Ta tura ƙofa tana haki, ta tarar Baba ya yi barci a kekensa, ya kama hannun Pallavi ya manna agogonta a kunnensa. Pallavi na durƙushe a gefensa a karkace, ba ta son motsawa.

"Ya ce yana latti da minti biyu," ta faɗa a hankali. "Me ya dawo da ke?"

"Ban sani ba," in ji Sulabha. Ta zauna a ƙasa, ta ji hawaye na zubo mata, ta bar su.

Can Pallavi ta ce, ba tare da ta dube ta ba, "Mamata a Nashik, watan jiya ta je kasuwa ta kasa gane hanyar gida. Layin da ta yi shekara arba'in a ciki. Mai sayar da madara ne ya rako ta. Ban gaya wa Hemant ba tukuna."

"Yayanki fa?"

"Yana Ostareliya. Ya ce zai riƙa turo kuɗi." Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Jiya da kika rufa masa gyale, ni ban ma lura da abin da ya faru ba sai daga baya. Na ce a raina, ni ko wannan ban iya ba. Tai, ki koya mini. Yadda kike ɗaga shi, yadda kike masa wanka, duka."

Sulabha ta share fuska da bakin gyale. Ta so ta ce mata kada ki fara, in kika fara babu mai karɓarki. Amma ta san ba a tambayi Pallavi ba, kamar yadda ita ma ba a tambaye ta ba.

"In ya tashi za mu mayar da shi gado," ta ce. "Ki lura da ƙafafuna. Da gwiwa ake ɗagawa, ba da baya ba, in ba haka ba shekara ɗaya za ki yi ki kwanta ke ma."

Da la'asar aka jawo jirgin ceton sama, yana ɗigar da ruwa, ya koma mazauninsa, ɗakin ya sake rinewa. Ba a jima ba Hemant ya shigo, fuska ta ƙone da rana, yashi har gwiwa, ya miƙa mata ɗanyar kwakwa.

"Tai, kin yi asara! Wallahi kifaye har hannu suke taɓawa."

Ta karɓi kwakwar ta ajiye. "Hemant, ina son kwana goma a shekara. Ka zo ka zauna da shi, ko ka ɗauke shi. Kwana goma kawai."

Ya sosa ƙeya, ya dubi matarsa. "To, ai sai mu zauna mu duba. Kin san yanayin aikina. In mun koma za mu yi magana."

"Watan Mayu," in ji Pallavi. "In yara sun yi hutu. Ni zan zo."

Washegari suka iso Mumbai. Masu keken marasa lafiya aka ce su jira sai kowa ya sauka, don haka su ne na ƙarshe. Hemant na ta duba waya kada jirgin ƙasan Pune ya tafi ya bar su.

Watan Mayu ya zo, Pallavi ba ta zo ba. Tun a Afrilu mahaifiyarta ta faɗi a banɗaki ta karya ƙugu, ta tattara ta koma Nashik, wai na sati biyu. Hemant ya samo wata mata da za ta riƙa zuwa wurin Baba sau biyu a mako, Baba ya ce ɓarauniyar agogo ce, ya jefe ta da kofi, ba ta sake dawowa ba.

Abin da ya saura shi ne ƙarfe biyu na rana. Lokacin ne tsofaffin biyu ke barci, ɗaya a Girgaon, ɗaya a Nashik. Sai Pallavi ta bugo, su yi magana ƙasa-ƙasa kamar masu gulma. Ta ci abinci? Ya yi bayan gida? Wane mai ake shafawa in baya ya fara ja? Wani lokaci har su yi dariya. Ran nan Pallavi ta ce tsohuwar ta ƙi wanka kwana uku, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta rasa yadda za ta yi.

"Kada ki ce mata wanka," in ji Sulabha. "Ki ce baƙi za su zo. Ki fito mata da sari mai kyau ki ajiye inda za ta gani, sannan ki kai ruwan."

"In ta tambaya su wane ne baƙin fa?"

"Ki ce ni ce."